Waya na caji, kwamfuta na amsa kira

Jama'a, ashe an daɗe da barina a baya! Jiya ina tsaka da rubutu a kwamfuta, wayata na can ƙuryar ɗaki a jikin caji, sai ga sunan Yayana ya faɗo a gefen allo. Na danna da ɗar-ɗar. Kawai sai na ji sallamarsa ta sifika, raɗau, kamar yana gabana.

Manhajar Phone Link ce ta Windows, wadda a da ake kira Your Phone. Sabuntawar nan da na yi ta ɗagewa saboda ƙyuya, da na yi ta sai aka nemi in haɗa wayar. Na haɗa, na manta abina. Kiran dai ta layinka yake bi, katinka ake ci, Bluetooth ne kawai ke kawo muryar. Shi ya sa da autarmu ta zare wayar ta fice da ita, magana ta katse Yaya na tsakiyar labari.

Masu kwamfutar Mac kuwa tun 2014 suke morar irin wannan, daga fitowar Yosemite, sigar manhajar Mac ta wannan shekarar. Sauran sababbin abubuwan da sabuntawar tawa ta kawo, su canjin fasalin maɓallai, ba su dame ni ba.