Sunan Amurka, ƙirar Indonesiya: jitocin da nake sayarwa

Kayan kiɗa nake sayarwa a Sabon Gari, Kano, ina kuma gyara. Yawancin masu zuwa wajena 'yan kiɗan coci ne da masu wasa a gidajen biki, sai jefi-jefi samari daga Nijar da ke son su kaɗa irin ta su Bombino da Mdou Moctar. Kusan kowa da sunan Fender ko Gibson, manyan kamfanonin jita na Amurka, yake shigowa a bakinsa. Da ya ji kuɗin ta Amurka sai jikinsa ya yi sanyi, ni kuma in sauko masa da Squier ko Epiphone.

Waɗannan biyun ba jabu ba ne, kuma wannan bayanin na fi yi a shago. Squier na Fender ne. Asalinsa kamfanin yin wayar kayan kiɗa ne a jihar Michigan, Fender ya saye shi a 1965. Da kamfanonin Japan suka fara kwaikwayon Stratocaster, shahararriyar jitar Fender, da kyau kuma da araha, har suna cinye kasuwa, sai Fender ya ga gara ya shiga da kansa. A 1982 ya fara sa sunan Squier a kan jitocin da ake ƙera masa a Japan. Daga baya aikin ya koma Koriya, yau kuma akasari China da Indonesiya. Epiphone kuwa tsohon abokin gasar Gibson ne kafin Gibson ya saye shi a 1957. A 1970 aka mayar da ƙirarsa Japan, yanzu yana da masana'anta a birnin Qingdao na China.

Akwai masu cewa wannan zubar da girma ne, wai kamfani yana cin kuɗin sunan da kakanninsa suka gina. Ban yarda ba. Yaron da ke tara kuɗi daga aikin walda ba zai taɓa iya sayen Fender ƙirar Kalifoniya ba, amma da wannan zai samu jita mai wuya miƙaƙƙe da sautin da zai shiga taro da shi ba kunya.

Jita mai araha, ko ta wane kamfani ce, ba na miƙa ta daga kwali. Kayan suna tasowa daga wuri mai laima, su bi ta teku su sauka Legas, sannan su tarar da hunturun Kano. Katako yana shan iska ya tsuke, ƙarafan da ke jere a wuya kuwa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito yana yankar hannu. Nakan ɗora jitar a kan bargo, in rufe katakon da tef, in bi bakin ƙarafan ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari har yatsa ya wuce sumul. Sannan in juya sandar ƙarfen da ke cikin wuya kaɗan-kaɗan, in bar ta ta kwana kafin in sake dubawa, don katako ba ya son gaggawa. Ramin da ake soka wayar lasifika ma nakan ƙara masa dalma, don nan ne ya fi saurin kwancewa.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne jabu. Za ka ga jita an manna mata "Fender" ɓaro-ɓaro, har da cewa ƙirar Amurka ce, ana sayar da ita ƙasa da kuɗin Squier. Ta gaskiya ba ta ɓoye asalinta: a kanta, gaba ko baya, za ka ga lamba da sunan ƙasar da aka yi ta. Wani saurayi ya kawo min irin wannan jabun gyara, yana murna ya yi tsintuwa. Na ce masa, "Ƙanena, zan yi iya ƙoƙarina, amma wuyan nan a murɗe yake." Bai ji daɗi ba, ni ma haka, don kuɗinsa ya isa ya sayi Squier ta hannu mai lafiya.

Yanzu da dala ta yi tsada, ko masu arahar sun fara fin ƙarfin mutanena. Shi ya sa na fi neman na hannu, in sauya musu waya, in gyara wuya, wanda na sani kuma in bar shi ya biya kashi-kashi.