Man gujiya da ƙwayar magani

A gidan da ake soya ƙuli-ƙuli na tashi, a nan Maradi. Shi ya sa ran da aka ba mu, a makaranta, aikin neman abin da zai riƙe garin magani ya zama ƙwaya, hankalina ya tafi kan man gujiya da man kaɗe. Dakuwa ma ai man da ke cikin gujiyar ne ke dunƙule ta.

Garin farasitamol na ɗauka, wanda shi kaɗai ba ya kama jiki ko an danne shi. Na sa mai kaɗan, na buga. Ƙwayoyin suka fito da sheƙi, amma yatsa biyu sun isa su murƙushe su. Na man kaɗe sun ɗan fi tsayawa, sai dai zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a garinmu, ya sa suka yi laushi har da tabo a takarda.

Gwajin ruwa ne ya tayar mini da hankali. Ƙa'ida ita ce ƙwayar da ba ta da rufi ta wargaje cikin minti 15 a ruwa mai ɗumin jikin mutum, digiri 37. Nawa suka zauna a dunƙule, lokaci ya wuce. Mai ya lulluɓe garin, ruwa ya rasa ƙofar shiga. Na tuna yaro mai zazzaɓi, uwa ta ba shi irin wannan tana jiran jikin ya yi sanyi.

Da na faɗa wa Inna, cewa ta yi: "Kai da ka girma kana ganin ana matsar tunkuza? Sai mai ya fita ƙuli-ƙuli ke tauri."

Malaminmu ya ƙarasa bayanin. Man tsirrai da masana'antu ke sawa, irin na angurya da na zurma, sai an sarrafa shi da haidirojin ya daskare kamar kakin zuma. Ɗan kaɗan ake zubawa don kada ƙwaya ta manne wa ƙarfen inji, ko a ƙara shi da gangan idan ana son magani ya riƙa fita sannu a hankali.

Na koma kan ƙaron dakwara, wanda shi ma na ƙasarmu ne. Na jiƙa shi, na kwaɓa garin, na tankaɗe, na busar. Ƙwayoyin da na buga da shi suka jure juyi 100 a gangar da ake gwada ƙarfin ƙwaya ba su zubar da kashi 1 cikin 100 na nauyinsu ba, kuma suka watse a ruwa kan lokaci. Yanzu yadda zan raba ƙaron kasuwa da yashi da ɓawon itace nake fama da shi.