Waldar da babu wuta a cikinta

Atelye na ƙarami ne a Sabon Gari nan Damagaram, ni da yara uku, ƙofofi da tagogi na ƙarfe su ne abincinmu. Amma abin da ya daɗe yana cin raina shi ne alminiyom mai sirara, irin na milimita 1 ko 2 da masu ƙanƙara ke kawowa a yi musu akwati in azumi ya gabato. Duk wanda ya taɓa shi ya sani, shi kansa yana narkewa a digiri 660 amma akwai wata siririyar fata a samansa da ba ta narkewa sai ta haura 2000, to kafin ka fasa fatar cikin ya zama ruwa, sai ka ga rami ya buɗe tol ɗin ya lanƙwashe kamar ganye. Ga iskar argon, gas ɗin da ake waldar alminiyom da shi, sai daga Kano, kuɗinta kuwa kar ka tambaya.

Wani ƙanena da ya yi makarantar fasaha ne ya nuna min wata hanya a waya ta haɗa tol ba tare da wuta ba, da Turanci ana ce mata friction stir welding. A Ingila aka ƙirƙiro ta, wata cibiya TWI kusa da Kambirij, a 1991, wani Wayne Thomas da abokan aikinsa. Babu sandar walda, babu gas, babu tartsatsi. Wani ƙarfe ne mai kafaɗa da ɗan tsinke a ƙasa, yana juyawa da gudu ka danna shi daidai mahaɗar tol biyu, gogayya ta sa wurin ya yi laushi kamar tuwo amma bai narke ba, tsinken ya tuƙa gefen nan cikin gefen can yana tafiya. Da ita ake haɗa jiragen ruwa da taragun jirgin ƙasa a Japan, har kamfanin Apple ya yi kwamfutarsa iMac ta 2012 da ita.

Ina da tsohon injin sassaƙar ƙarfe da na saya hannu na biyu, na feƙe tsinke da kaina. Gwajin farko tsinken ya karce saman kawai. Na yi kwana biyu ina tunani kafin na gane zafin ne ke tserewa, tol siriri ne kuma faifan ƙarfen da na shimfiɗa a ƙasa yana shanye zafin tun kafin wurin ya yi laushi. In na ƙara dannawa tol ya fashe, to sai dai a ƙara saurin juyi, shi ya sa masu binciken abin kan siririn tol suke kai juyi 10,000 a minti ko fiye, da ƙaramar kafaɗa da danni kaɗan. Nawa injin bai kai ko kusa ba, na dai kai shi ƙarshen ƙarfinsa, na rage faɗin kafaɗar, na rage saurin tafiya.

Ɗauri kuma wallahi shi ne rabin aikin. Ranar da muka yi sakaci da matsewa tol ɗin ya ɗaga ya nannaɗe a jikin tsinken, babban yarona ya ja baya yana cewa maigida kashe kashe. Yanzu sanda biyu na ƙarfe muke ɗorawa dama da hagu dab da layin.

Ran da ta yi kyau na shafa da yatsa, layi sumul da 'yan zobba ƙanana kamar ɓawon kifi, na lanƙwasa shi a matsi bai tsage ba. Ramin da tsinke ke bari a ƙarshe kuwa muna barin rarar tol ne mu yanke.

Miƙaƙƙen layi kaɗai nake iya yi, kusurwa har yanzu sai argon, kuma in kuran ya ɗauke tsakiyar layi tsinken maƙalewa yake a ciki. Akwati huɗu na yi wa wani Alhaji mai ƙanƙara a kasuwar Dole, na cika su da ruwa suka kwana kafin ya zo ɗauka, ko ɗigo babu a ƙasa.