Hoto ɗaya kullum na kwana 90, da hotunan Iya da na goge da hannuna

Har yau in na buɗe galarin wayata na gangara baya sai na ji abu ya tokare min a ƙirji, saboda daga 1 ga Disamba har 19 ga Janairu babu hoto ko ɗaya na asali a wajen, sai 'yan kwafin da suka rage a WhatsApp. Ba sace wayar aka yi ba, ba ruwa ta faɗa ba. Ni na goge su da yatsana ina zaune a bayan adaidaita a cunkoson hanyar Zariya, kuma a lokacin har daɗi na ji wai na samu fili.

Wani abokina da muka yi sakandare tare ne ya jefa ni wani guruf na WhatsApp na masu ɗaukar hoto ɗaya kullum. Mu 34 ne, mutum biyu ne kawai hoto sana'arsu, sauranmu malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da ɗalibai, kowa da wayarsa. Bayan asuba admin zai sa kalma ɗaya, yau "inuwa" gobe "ƙofa" jibi "jira", kai kuma ka fita ka nemo ta ka turo kafin goma na dare, kuma dole hoton ranar ne ba wanda ka tono a tsohon galari ba. Daga 1 ga Disamba 2024 zuwa 28 ga Fabrairu 2025, kwana 90 cif, aka tsara mu ajiye waya daidai shigowar azumi.

Tun ranar farko admin ɗin, wanda yana cikin masu sana'ar, ya ce kowa ya riƙa turo hotonsa ta dokumen ba ta hanyar da muka saba ba, ya ce ta haka ne hoton zai zo da girmansa da bayanan ranar da aka ɗauke shi, ba wanda zai yi maguɗi. Wallahi ni ne na fara tada ƙura. Na yi lissafi na ce hoto ɗaya kusan 4MB ne, mu 34, kenan kullum sai mutum ya sauke sama da 130MB, a wata kusan 4GB a kan kallon hoto kawai, wa zai iya? Mutane suka goyi bayana, admin ya ce to shikenan ku turo yadda kuka ga dama amma kowa ya riƙe na asalinsa. Wannan "kowa ya riƙe na asalinsa" ɗin na karanta shi, na ma sa masa alamar babban yatsa, na wuce.

Sati biyun farko ba abin faɗa, zumuɗi ne kawai. Abin da na koya da wuri bai wuce uku ba, goge gilashin kyamara da bakin riga kafin kowane ɗauka saboda ƙurar hunturu da maiƙon yatsa su ne rabin dishi-dishin da muke ɗora wa waya laifinsa, da daina zum na riƙa takawa da ƙafata, sai kuma lokaci. Rana tsaka a Kano ba ta da mutunci da hoto, komai fari fat inuwa baƙa ƙirin a ƙarƙashin ido, amma hantsi da la'asar sakaliya in akwai hazo, haske ne mai laushi kamar an tace shi da mayafi. Na hau Dala ranar "nesa" na dawo da hoton da ba a ganin komai sai hazo da kan hasumiyar wani masallaci, na zaci asara na yi, shi ne kuma aka fi yabawa a satin. A marinar Ƙofar Mata na koyi cewa sallama da gaisuwa da ɗan abin goro sun fi kowace dabara, wanda ka tsaya kuka gaisa shi zai ce maka tsaya nan, yanzu zan ɗago zanen daga baba ka ɗauka.

Wajen kwana na 25 zumuɗin ya mutu. Ka dawo daga aiki a gajiye tara ta wuce sai ka tuna ba ka ɗauki komai ba, ka hau ɗaukar buta da makulli da silifas. Mutane suka fara zamewa shiru-shiru. Ni abin da ya riƙe ni kunya ce kawai ta abokin nan da ya sa ni. Amma a wannan gajiyar ne na ɗauki wata ɗabi'a da ta ci ni daga baya, in na samu abu mai kyau sai na danna sau ashirin sau talatin don tsoron kar na rasa, na zaɓi ɗaya na tura, sauran su zauna suna cin memori. Waya ta 64GB ce, ga bidiyoyin biki da na wa'azi da guruf-guruf suka cika ta da su.

Kwana na 42, Asabar 11 ga Janairu, kalmar ita ce "hannu". Na shiga cikin gari gaida kakata, mahaifiyar babanmu, Iya muke ce mata. Na same ta a bakin ɗakinta ta shimfiɗa tabarma a inda rana ta fara sauka tana shan hantsi, ta fito da taskira da mazari tana kaɗi, abin da na fi shekara goma ban ga ta yi ba don idonta ya yi rauni. Ashe wata jikarta ce ta kawo mata auduga daga ƙauye. Ta shafa alli a yatsu tana murza mazarin, ɗaya hannun ya ɗaga shiɓa sama zaren yana fita siriri, rana ta biyo ta saman katanga ta haska zaren shi kaɗai kamar an kunna shi. Na durƙusa na ciro waya. Ta ce "kai mijin nan nawa ba ka kawo cefane ba sai ɗaukar hoto, me za ka yi da hoton tsohuwa?" Na ce Iya amarya za a nuna wa ta san tana da uwargida. Ta yi dariya har mazarin ya kuɓuce ya gangara ƙarƙashin kujera 'yar tsugunno.

Na ɗauki 27 a safiyar nan, na ƙirga su a adaidaita ina komawa. Akwai na hannun kawai, akwai wanda ta sunkuya tana neman mazari, akwai guda biyu ko uku da ta kalli kyamara tana wannan dariyar, tsagen kumatunta ya fito raɗau. Da yake kalmar "hannu" ce sai na zaɓi wanda hannun ya fi fitowa, fuskarta tana gefe rabi a inuwa, na tura. Guruf ya ɗauka, admin ya ce wannan shi ne hoton wata. Na kwana ina jin daɗi.

Kwana takwas bayan nan wayar ta ƙi ɗaukar hoto, ta rubuto min wuri ya cika, ga shi la'asar ta yi ban yi na ranar ba. Ajiyar Google ɗina ta daɗe da cika, 15GB ɗin kyauta da ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da Photos, tun da aka daina ajiye hotuna ba iyaka a watan Yunin 2021 nawa ya cika na kashe shi ban ƙara waiwaya ba. Sai na ce a raina ai duk masu kyan na tura su guruf, suna can. Na shiga foldar kyamara na zaɓi komai daga farkon Disamba na goge. Fili bai ƙaru ba, saboda wayar tana riƙe abin da aka goge a kwandon shara na kwana 30. Nan ne Allah Ya ba ni dama ta biyu, ni kuma na shiga kwandon na share shi tas. Har tambayata ta yi ko na tabbata. Duk wannan don na ɗauki hoton kalmar "ƙarfe", wani kwaɗo ne a jikin ƙofar shago, ko mutum uku ba su kula shi ba.

Mun gama mu 9 cikin 34, ina ciki, ban tsallake rana ko ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye ba na yi alfahari da hakan har yanzu ma ina yi. Idona ya canza, ina tafiya a titi ina ganin inda haske ya faɗi ba tare da na yi niyya ba.

Bayan ƙaramar sallah da kwanaki Allah Ya yi wa Iya rasuwa, Allah Ya jiƙanta Ya sa ta huta. Ranar sadakar bakwai Goggo, ƙanwar babanmu, ta kira ni gefe ta ce an nuna mata hoton Iya tana kaɗi, tana so a wanke mata babba a sa a firem irin na falo, kuma ta ji yara sun ce akwai wanda take dariya, shi ta fi so. Na ce to Goggo an gama. Ko a lokacin ban gane abin da na yi ba, sai da na zauna da daddare ina nema.

Na kai wa mai wankin hoto wanda ya rage ɗin. Ya jefa shi a kwamfuta ya juyo min da sikirin ya ce malam wannan ai na WhatsApp ne, ina na asalin? Fayil ɗin bai kai 200KB ba, tsawonsa fiksel 1600, alhali wanda wayar ta ɗauka kusan 4000 ne a 3000. Ya ce su a wanki mai kyau fiksel 300 suke so a kowane inci, kenan nawa iyakarsa inci biyar da 'yan kai, Goggo kuma inci 16 a 20 take nufi, zai faɗo wajen 80 a inci. Ya faɗaɗa min na gani da idona, zaren nan da rana ta haska ya koma matakala-matakala, jijiyoyin bayan hannunta sun narke sun zama tabo. Ba laifin manhajar ba ne, an yi ta ne ta matse hoto don data ta yi auki, abin da ni da kaina na tsaya na yi wa faɗa ranar farko. Ko alamar HD ɗin nan da aka ƙaro tun 2023 da na danna da an rage asara, ita ma ban danna ba don tsimin data.

Na bi mutum 33 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya ko wani yana da wanda ya fi nawa, alhali na san amsar, abin da na tura shi kowa ya samu. Na sauke manhajojin dawo da hoto har uku, suka tono min 'yan ƙananan kwafin da galari ke ajiyewa don nuni, kamar kan sarki, a ciki na hango ɗaya daga cikin masu dariyar amma da ka taɓa shi sai ya watse, ba ido ba baki. Na je Farm Centre wajen masu gyara, wani yaro mai gaskiya ya ce yallaɓai kar ka ɓata kuɗinka, wayoyin yanzu a kulle suke rubuta komai kuma da an share kwando memorin kansa yake goge gurbin, balle wata uku kana ta ɗora sababbi a kai. Da katin memori ne na kyamara kuma ba a ƙara rubutu a kansa ba da akwai ɗan fata.

Abin da ya fi min ciwo shi ne manhajar nan mai gyara hoto da AI da wani ya ba ni shawara. Ta fito da hoto garau kam, amma ta goge tsagen fuskar Iya ta ɗauka lalacewar hoto ce, ta sumulce mata fata, ta gyara mata yatsun da tsufa ya tanƙwara. Wata tsohuwa ce mai kyau da ban taɓa gani ba. Ban nuna wa kowa ba na goge shi, wannan kam ban yi nadamar gogewa ba.

Duk wanda zai shiga irin wannan abu, dan Allah tun kafin rana ta ɗaya ka san inda hotunanka za su kwana. Kar ka ɗauki guruf ko status ko Instagram a matsayin ma'ajiya, duk rage hoto suke yi. In wuri ya cika fara da bidiyoyin da aka turo maka, su ne masu cin gigabayit, foldar kyamara ita ce ta ƙarshe da za ka taɓa, kuma kar ka yi shara kana sauri a kan hanya. Tankaɗe hotuna kullum da daddare yana da kyau, cikin ashirin ka bar uku, amma in akwai fuskar mutum naka a ciki musamman tsoho ka bar su duka ko da sun ɗan girgiza. Ni kalmar ranar ce ta zaɓa min, na riƙe hannu na zubar da fuska, guda 26 ba su da kwafi a ko'ina a duniya.

Yanzu na sayi filasha mai shiga bakin cajar waya, duk daren Juma'a nake kwafe foldar kyamara gaba ɗaya a kai, sannan na tura zaɓaɓɓun ta dokumen zuwa lambar ƙanwata, ita ma ta san ba ta goge su. An fara maganar zagaye na biyu a hunturu mai zuwa, na ce ina ciki, kuma na rubuta wa admin cewa a koma maganarsa ta dokumen, duk wanda data ta yi wa tsada ya kashe saukewa ta kai tsaye ya buɗe wanda yake so kawai.

Hoton Iya kuwa an wanke shi inci 4 a 6, girman da ya iya ɗauka ba tare da ya fashe ba. Na kai wa Goggo a ɗan ƙaramin firem na faɗa mata gaskiyar abin da ya faru. Ta daɗe tana kallonsa ta kawo shi kusa da ido, ta ce ai ga hannunta nan, ga ma allin. Sannan ta ce mai dariyar fa? Na ce babu shi Goggo. Ta ce to Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, ta ɗora shi a kan durowar gefen gadonta.