Buhun Baba Kirsimeti da abin da ya sa na ajiye alli

Juma'ar da ta wuce na mayar da mukullin kabad ɗin ajina, na karɓi abin da ya rage na albashina, na fito. Shekara shida na yi a nazare. Waɗanda muka yi aiki tare sun san makarantar, sun san Madam shugabarmu, ba sai na kama suna ba. Tun ranar ake kirana a waya ana tambaya, wai da gaske ne saboda Baba Kirsimeti aka kore ni? Ba korata aka yi ba, ni na rubuta takarda da hannuna. Amma gaskiya ne, daga buhunsa maganar ta taso.

Duk wanda ya koyar a makarantar kuɗi a tsallaken gada a Kaduna ya san yadda zangon farko yake ƙarewa. Tsakiyar Nuwamba takardar kuɗin fati take fita. A rubuce sunansa bikin ƙarshen shekara, don iyaye Musulmi su ma su biya ba tare da sun ji wani iri ba. Kuɗin hawa uku ne, kyautar yaro kuma daidai hawan da aka biya masa. Masu hali har nasu kayan suke kawowa a ɓoye, a liƙa sunan ɗansu, a ajiye a ofis. Ranar biki direban bas ɗinmu ya sa jar riga da gemun auduga, ya saɓo buhu, yara su kaure da ihun Fada Kirismas.

A shekarata ta farko wata tsohuwar malama ta koya mini dabarar da na riƙe har ta zame mini jiki. Idan aji ya rikice, ba sai kin ɗauki bulala ba, ki ce kawai, "Baba Kirsimeti yana ganinku, yaron kirki kaɗai yake ba kyauta." Yara sama da talatin, 'yan shekara biyar, ga hunturu, ga haddar waƙa da rawar biki, amma wannan magana ɗaya sai ki ji tsit. Da na ga tana ci sai na ƙara mata gishiri. Na samo kwali na rubuta sunayensu, duk wanda ya yi abin kirki na liƙa masa tauraro, na ce da wannan kwalin Baba Kirsimeti zai yi aiki.

Ni Musulma ce, ban tashi da wannan al'ada ba. Na ɗauke ta kamar Dodon da kakata take cewa yana bayan ɗaki idan muka ƙi barci. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne, Dodon kakata bai taɓa zuwa ba, don haka bai taɓa saɓa wa kowa alkawari ba. Wannan kuwa zai zo, a ranar da aka sa, da buhu, ya kira suna ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa.

Akwai wani yaro a ajina, ɗan matar da take mana shara. Mijinta ya rasu, an rage mata kuɗin makaranta ana cira daga albashinta. Yaro ne mai shiru, irin wanda sai kin duba rajista za ki tuna ya zo. Tunda na kafa kwalin nan ya canza. Shi ne tsintar takarda, shi ne jera kujeru, shi ne ara wa wanda ya manta fensir. Taurarinsa suka cika layi har na ja masa wani. Wata rana bayan an tashi ya tsaya a bakin teburina ya ce, "Anti, ya ga na share allo?" Na ce, "Ya gani." Ban ko ɗaga kai daga littafin da nake makin ba.

A shekarun baya, yaran da ba a biya musu ba akan ƙulla musu 'yar leda, biskit da alawa da balan-balan, don kada su fita hannu rabbana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, bana sai Madam ta ce babu leda, wanda ba ya cikin jerin suna ba ya ciki. Kwana biyu kafin biki jerin ya zo hannuna. Na duba, babu sunansa. A nan ne kuskurena yake, kuma ba na son kowa ya sassauta mini shi. Na ce a raina zan yi wa Madam magana, na ga fuskarta a ɗaure, na ce bari gobe. Gobe ta zo muna ta hura balan-balan da gwajin rawa har magariba. Da na sauka a kasuwa a hanyar gida, ƙwallon roba ɗaya ta isa. Ina da kuɗinta a jaka. Na yi zaton idan aka zo wurin Madam ba za ta iya kallon yaro ta hana ba.

Aka fara kiran suna. Yaron da ya fi kowa ba ni wahala a zangon, wanda ya ciji 'yar ajinsu har sai da aka kai ta kemis, shi aka turo wa keke mai ƙararrawa. Nawa yaron yana tsaye a layin gaba, ya goya hannu a baya kamar yadda na koya musu, duk sunan da aka kira sai ya ɗan matsa gaba. Buhu ya yi ta raguwa har direba ya juye shi ya kaɗe, aka yi tafi. Uwarsa tana can gefen rumfa da tsintsiya, tana tattara takardun da aka yage daga kyaututtukan 'ya'yan mutane.

Bai yi kuka ba. Ya zo ya kama gefen hijabina ya ce, "Anti, me na yi?"

Na ja shi aji, na zaunar da shi, na faɗa masa komai. Na ce ba ka yi komai ba, ka fi kowa kirki. Wancan mutumin direban bas ne, gemun auduga ne, kayan buhun kuma iyaye ne suka biya kuɗinsu. Na ɗauka na sauke masa kaya. Ya yi shiru yana kallon kwalin taurari, can ya ce, "To Mama ce ba ta biya ba?" Sai a lokacin na gane abin da na yi. Na ɗauke laifin daga kansa na ɗora a kan matar da take waje tana shara. Har yau ban san amsar da ta fi wannan ba a wannan minti, amma na san ni na gina ramin da babu mafita mai kyau a cikinsa, tun ranar da na liƙa tauraro na farko.

Yaro dai yaro ne. Kafin a watse rabin aji sun ji cewa direba ne. Da dare zauren WhatsApp na iyaye ya kama da wuta. Wata ta ce na ɓata wa 'yarta Kirsimeti, wannan na fahimta, na kuma ba ta haƙuri. Amma wani ya rubuta cewa malama Musulma ce take rusa wa 'ya'yansu bikin addininsu, kuma duk wanda ya zauna a Kaduna ya san irin wannan magana ba a wasa da ita.

Da aka dawo hutu Madam ta tara malamai, ta sa na miƙe tsaye, ta karanta takardar tuhuma a gaban har masu koyon aiki, ta ce za a yanke mini rabin albashin wata. Ta ce, "Malama, ki san iyakarki." Ban ji zafin kuɗin kamar yadda na ji zafin abin da ta ƙi faɗa ba. Ko sau ɗaya ba ta ambaci jerin suna ba, ba ta ambaci ledar da ta soke ba. Ta bar maganar addini ta tsaya a zauren iyaye yadda aka kafa ta, don ita ce ta rufe mata asiri. Shekara shida ina koya wa yaran nan waƙoƙin bikinsu, ina ɗinka musu fukafukan mala'iku da hannuna, ta san haka sarai. Kalma ɗaya daga bakinta ta isa ta wanke ni. Na yafe rabin albashi. Wannan shirun kuwa ina nan ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafe shi.

Mutum ɗaya ce ta buɗe baki a taron, malamar nazare ɗaya, Kirista, wadda take koyar da yara a cocinsu ranar Lahadi. Ta ce a gaban kowa ita ma da ita ce haka za ta yi. Bayan an tashi muna zaune a benci ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk shekarun nan. Ta ce asalin mutumin nan wani bishop ne mai suna Nikolas, a garin Mira, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, a ƙarni na 4. Labarinsa da aka fi sani shi ne na wani talaka mai 'ya'ya mata uku da ya rasa abin aurar da su, Nikolas ya riƙa zuwa cikin dare yana jefa ƙullin zinariya ta taga don kada a san shi ne. Ranar 6 ga Disamba ake tunawa da shi. Daga baya na karanta sauran da kaina, yadda mutanen Holan suke kiransa Sintakilas, sunan ya haye Amurka ya koma Santa, da yadda tallan Coca-Cola tun daga 1931 ya ƙara kafa hoton tsoho mai ƙiba da jar riga a idon duniya. Ta ce, "Kin gani ko? Shi wanda ba shi da shi yake nema, a ɓoye. Mu kuwa wanda ya biya muke kira, da lasifika."

Iyaye da dama sun tambaye ni tun daga lokacin, a bar yara su yarda da shi ko a faɗa musu? Bikin ba nawa ba ne, ba zan shiga gidan mutum na tsara masa ba. Ita abokiyar aikin tawa tana yi wa 'ya'yanta wasan, ta ce murnar da take gani a idonsu da asubar Kirsimeti ba ta da farashi, kuma babban da ya gano dariya ya yi, ya koma taya ta ɓoye wa ƙannensa. Na yarda da ita. A makaranta ma, kafin yaro ya kai aji uku na firamare yawanci ya gano da kansa, ba tare da ya ji ciwo ba. Amma a gidanta kowane yaro yana samu, ko ya yi ƙiriniya ko bai yi ba, kuma ranar da ɗanta ya dube ta ya tambaya da gaske ba ta ƙara masa wata ƙaryar ba.

Mu ma muna da ƙagaggun labarai, sai dai namu suna zuwa da ƙofar fita. Kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaro ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi. Idan ta gama ta ce ƙurunƙus, ba don Gizo ba da na yi ƙarya, an fito. Ba wanda ya taɓa kwana yana jiran Gizo ya biya shi ladan biyayya. Goron Sallah kuma yana da fuska. Yaro ya san Kawu ne ya ba shi, ya durƙusa ya ce na gode. Shekarar da Baba bai yi ɗinki ba, ya san aljihu ne ya yi rauni, ba halinsa aka auna aka ga ya gaza ba. Abin da na yi wa yaron nan shi ne na haɗa masa halinsa da aljihun uwarsa a ma'auni ɗaya, na kuma ce masa wani mai gani har hanji ne yake riƙe da ma'aunin.

Ba kuma zan taka laifina na hango na wasu ba. Mu Hausawa nawa ne muke ce wa yaro yi shiru zan sayo maka alawa, alhali ba mu da niyya? Tun ina Islamiyya na haddace hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na matar da ta kira ɗanta ta ce zo in ba ka wani abu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino, ya ce da ba za ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya. Na san wannan hadisi, na kuma tsaya a gaban yara talatin wata guda cur ina alkawarin dabinon da ba a hannuna yake ba.

Sauran abin da na koya bai kai wannan nauyi ba. Ki ajiye kwafin takardar ɗaukarki aiki a gida. Kada ki karɓi albashi a ambulan ba tare da kin sa hannu ba. Kada ki kare kanki a zauren iyaye, duk abin da kika rubuta hotonsa za a ɗauka. Mai shara da maigadi sun fi hedimasta sanin halin da yara suke ciki. Idan kuma takarda ta zo hannunki kika ga babu sunan yaro, ranar za ki yi magana.

Na gama zango na biyu don kada a canza wa yarana malama a tsakiyar karatu. Dukkansu suna haɗa baƙi su karanta kafin na tafi, kuma ban sake liƙa tauraro ko ɗaya ba.

Ranar da zan fito na tarar da uwar yaron a bayan ajujuwa tana wanke bokiti. Na ce, "Maman yaro, ki yafe mini." Ta ce da ta ɗauki adashe a Janairu ta sayo masa ƙwallo, ta sa masa a hannu da kanta, ta ce masa daga gare ta ne. Sai ta ajiye bokitin ta goge hannu a zani.

"Malama, ni ban ji haushin kin faɗa masa ba," in ji ta. "Tun Nuwamba yake tashi da asuba cikin sanyin nan yana taya ni ɗebo ruwa. In ce koma ka kwanta, ya ce a'a Mama, ana kallona."