Asabar: bin sawun maganar "ko da a birnin Sin ne"

Aikin yau duka a kan jimla ɗaya ya ƙare. Islamiyyar unguwa tana shirin walimar sauka, an tsara rubutun da za a buga a kyalle a rataye a bakin ƙofa: "Ku nemi ilimi ko da a birnin Sin ne." A ƙarƙashinsa an sa "Hadisi". Shugaban makarantar ya ce kada a kai wa mai bugawa sai an duba, saboda haka da hantsi aka hallara a zauren malamin da ke karantar da ilimin hadisi, da ɗalibai da kwamfuta guda mai ɗauke da Maktaba Shamila, manhajar da ta tattara littattafan addini na Larabci. Zan rubuta yadda aikin ya gudana, don hanyar ɗaya ce ga kowace magana da aka jingina wa Manzon Allah (SAW).

Da farko sai an samo lafazin Larabci, domin ba a neman hadisi da fassararsa. Lafazin shi ne "Uɗlubul ilma walau bis Sin". Wanda ya rubuta jimlar gaba ɗaya a wurin bincike yakan dawo hannu rabbana, saboda ruwayoyi suna saɓawa da harafi ɗaya ko biyu. Wanda kuma ya rubuta "ilm" kaɗai, dubban sakamako za su rufe shi. Abin yi shi ne a ɗauki kalmar da ba ta cika zuwa a hadisai ba, a nan "bis Sin", a rubuta ta ba wasali.

Sakamakon ya nuna babu ita a Bukhari, babu a Muslim, babu a Sunan huɗu, babu a Muwaɗɗa. Ta fito a wurin Uƙaili, da Ibnu Adiyyi, da Baihaƙi a Shu'abul Iman, da Ibnu Abdil Barri. Wani ɗalibi ya yi wuf ya ce, "Allah gafarta Malam, ai shi ke nan, ga ta a littattafai har huɗu." Malam bai ɗago ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashin kwamfutar ya ce, "Ɗana, karanta mini sunan littafin farko." Sunansa Ad-Du'afa'u, wato littafin raunanan maruwaita. Na Ibnu Adiyyi ma haka yake. Irin waɗannan littattafai suna kawo hadisi ne a matsayin misalin abin da aka soki mutum a kansa, don haka ganin magana a cikinsu gargaɗi ne. Wurin nan mutane da yawa ke faɗawa rami, su ce "Ibnu Adiyyi ya ruwaito" kamar suna cewa ya inganta.

Daga nan aka ɗauko takarda da biro aka zana isnadin kowane littafi, daga mawallafi zuwa sahabi, suna bayan suna. Wannan ne sashen da ya fi cin lokaci, kuma shi ya fi amfani. Da aka jera su sai layukan suka haɗe a wuri guda: Abu Atika, daga Anas ɗan Malik, mafi yawansu ta hanyar Hasan ɗan Aɗiyya. Kamar mutum huɗu ne su kawo maka labari, ka tambayi kowanne inda ya ji, su duka su nuna maka rumfa ɗaya a kasuwa. Shaida ɗaya ke nan, kuma nauyin duka ya koma kan Abu Atika.

Sunansa Ɗarif ɗan Salman, wasu suka ce ɗan Sulaiman. Ana neman irinsa a Tahzibul Kamal na Mizzi (ya rasu 742 Hijira) ko Mizanul I'itidal na Zahabi (748). Bukhari ya ce shi "munkarul hadis" ne, wato hadisinsa abin ƙi ne, kuma an naƙalto daga Bukhari cewa duk wanda ya faɗa wa haka bai halatta a ruwaito daga gare shi ba. Abu Hatim ya ce hadisinsa ya tafi, wato ba a dogara da shi, Nasa'i ya ce ba amintacce ba ne. Akwai tarko a wannan mataki: sunaye suna kama. Hasan ɗan Aɗiyya ma mutum fiye da ɗaya ne a littattafan maruwaita. Ana rabe su ta hanyar duba jerin malamai da ɗaliban kowane, da garinsu, da shekarar rasuwa. Shekara ba abin wasa ba ce a wannan fanni. Isma'ila ɗan Ayyash ya taɓa tambayar wani mai ruwaitowa daga Khalid ɗan Ma'adan yaushe ya ji daga gare shi, ya ce shekara ta 113. Isma'ila ya ce masa ai Khalid ya rasu tun 106.

Bayan azahar aka koma neman wata hanyar da ba ta bi ta Abu Atika ba, domin adalci ya hana a yanke hukunci da hanya ɗaya. Suyuɗi (911), wanda ya taɓa rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha, ya kawo wasu hanyoyi biyu yana ƙalubalantar Ibnul Jauzi (597) da ya sa maganar cikin ƙirƙirarrun hadisai. Sai dai ɗaya ta bi ta Ya'aƙub ɗan Ishaƙ Al-Asƙalani, wanda Zahabi ya kira maƙaryaci, ɗayar kuma ta Juwaibari, wanda ya shahara da ƙirƙira. Hanyoyi suna ƙarfafa juna ne idan raunin na hadda ne, mutumin kirki da ke mantuwa ko kuskure. Idan raunin ƙarya ce, ko hanya goma aka tara ba su ɗaga komai.

Hukuncin malamai bai zo da lafazi ɗaya ba, kuma wajibi ne a faɗe shi yadda yake. Ibnu Hibban ya ce baɗili ne ba shi da asali. Baihaƙi ya sassauta, ya ce matanin, wato lafazin maganar, ya shahara amma isnadinsa mai rauni ne. Albani ya ce baɗili ne, a lamba 416 ta littafinsa na jerin raunanan hadisai. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya inganta ta.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne rabi na biyu na ruwayar, "domin neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi". Wannan yana da nasa hanyoyin masu yawa. Ibnu Majah ya kawo shi a lamba 224, kuma a isnadinsa akwai Hafs ɗan Sulaiman, wato Hafs ɗin da yaran Islamiyya ke karatun Alƙur'ani da ruwayarsa. Limami ne a ƙira'a ba gardama, amma masana hadisi sun bar hadisinsa. Ɗaliban sun yi shiru da jin haka. Malam ya ce mutum yakan ƙware a fanni ɗaya ya gaza a wani, kuma faɗin haka ba cin mutunci ba ne. Imam Ahmad bai ga wani abu ya tabbata a babin ba, Mizzi kuma ya ce yawan hanyoyin ya kai wannan hadisi darajar hasan, wato karɓaɓɓe da ke ƙasa da ingantacce. Ƙarin "da Musulma" da ake yi a ƙarshe, Sakhawi ya ce babu shi a ko ɗaya daga hanyoyin, ko da yake mata suna cikin hukuncin.

Da la'asar wani dattijo daga kwamitin makarantar ya ce, "To Malam, tun da ma'anar mai kyau ce, mene ne laifin barinta?" Ina ganin wannan tambaya ita ce zuciyar lamarin, kuma na fi tsoronta a kan ƙaryar maƙiyi. Nuhu ɗan Abi Maryam ya ƙirƙiri hadisan falalar surori ɗaya bayan ɗaya, da aka tsare shi sai ya ce ya ga mutane sun bar Alƙur'ani ne, ya yi don neman lada. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da abin da Annabi bai faɗa ba ya zama faɗarsa. Makarantar da ke koya wa yara gaskiya bai dace ta kira su zuwa ilimi da maganar da ilimin kansa ya ƙi karɓa ba. An amince a maye gurbinta da hadisin Abu Huraira da ke Muslim, lamba 2699: wanda ya bi hanya yana neman ilimi, Allah zai sauƙaƙe masa hanyar Aljanna.

Ga wanda ba shi da Shamila, shafin intanet na Dorar, inda ake neman hadisi da hukuncinsa, yana aiki a waya, amma a kula da abu biyu. Yakan jero hukunce-hukunce da yawa a kan lafazi ɗaya, kowanne a kan wata hanya daban, don haka ɗaukar na saman kawai kuskure ne. Sannan "maruwaitansa amintattu ne" bai kai "ingantacce ne" ba, domin isnadi yana iya yankewa a tsakanin amintattu biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Wanda kuma ba ya karanta Larabci, ya tambayi wanda ya turo masa saƙon abu uku: wane sahabi ne, a wane littafi da lamba, kuma wane malamin hadisi ne ya inganta shi. In amsar ba ta zo ba, kada ya tura wa kowa.