Daren da na ga watannin Mushtari

Jiya da daddare, bayan an ɗauke wuta unguwa ta yi duhu, wani abokina ya kafa ƙaramin madubin hangen nesa a tsakar gida, ya saita shi kan Mushtari, wato duniyar da ake kira Jupiter. Da na kara ido, sai na ga ɗigo huɗu masu haske a jere kusa da ita, wato watanninta da masanin taurari Galileo ya gano a birnin Padua na Italiya cikin Janairun 1610. Ya bi su dare bayan dare har ya tabbatar cewa Mushtari suke kewayawa, abin da ya raunana tsohuwar fahimtar cewa komai Duniya yake zagayawa. Na daɗe a tsaye ina tasbihi, domin ban taɓa zaton zan gan su da idona ba.